Karatun Nesa a Ƙasar Dandi

Duk wanda ya sauka Bengu da rani, ya gangara cikin kwarin Foga inda ƙasa ke yin fari-fat kamar an barbaɗa mata toka, zai iske masu gishiri suna kankare fuskar ƙasa, su tara ta, su tace ta da ruwa, sa'an nan su dafa ruwan har ya ƙafe ya bar gishirin da fatake suka daɗe suna kaiwa Kabi da Borgu. Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin wannan sana'a shi ne, da zarar damina ta sauka ruwa ya malale kwarin, sai aikin bana ya shafe, badi kuma a sake ɗora tukwane kamar ba a taɓa yi ba. Na kawo wannan ne domin a kwanakin nan ana yawan zancen buɗe wa makarantu dandalin karatu a intanet, masu zancen kuwa sun fi ambaton ranar buɗewa, ba safai suke tuna wanda zai riƙa sake ɗora tukunya kowace shekara ba.

A da can, ɗalibi shi ke bin ilmi. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a wannan yanki, in yana da himma, sai ya rataya gafakarsa ya nufi gabas, ya zauna gaban wani malami a Birnin Kabi ko Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar zaurukan karatu, ya ɗauki Ishmawi da Risala baki da baki, bai kuwa isa ya karantar da littafi ba sai malaminsa ya ba shi izni. Amma matan aure ba su da halin irin wannan tafiya, saboda haka Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu, ta juya al'amarin: ta zaɓi dattijan mata masu amana, ta naɗa kowace jaji, wato jagora, ta ɗora mata malfa, ta koya musu waƙoƙin fiƙihu da tauhidi da ta tsara da Hausa da Fulatanci, su kuma su kai wa matan ƙauye, su komo da tambayoyinsu da sadakarsu. Waɗannan su ne Ƴan Taru. Asma'u ta rasu a 1864, tsarin kuwa bai bi ta kabari ba, domin ƴar'uwarta Maryamu ta ɗauka, kuma abin da yake bukata bai wuce ƙafa da hadda da riƙon amana ba, waɗanda ba a sayo su daga wata ƙasa.

Da Faransa da Ingila suka ja iyaka, Bengu da Gaya suka faɗa hannun Faransa, Kamba ta zauna wajen Ingila, lakwal, wato makarantar boko, ta zo da mushe, wato malami, da allon bango. Sai dai ta zo a ƙuntace ƙwarai, har ya zamana lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Shugaba Diori Hamani, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin siyasa, ya san ba a ƙera malami a shekara ɗaya. Don haka a 1964, wato shekara 100 bayan rasuwar Asma'u, aka soma gwajin karantarwa ta talabijin da taimakon Faransa. A Yamai ake shirya darasi, a watsa shi zuwa azuzuwa ashirin da ƴan kai da ke kewayen birnin, kowane aji da akwatinsa, da wani saurayi mai takardar firamare wanda aka horar ƴan watanni don ya tsaya gaban yara, ya maimaita musu, ya sa su yi abin da suka gani. Wasu makarantun da ba su da lantarki, da faifan hasken rana aka kunna musu akwatin, tun ƙarshen shekarun 1960, zamanin da mafi yawan mutanen Turai ba su taɓa ganin irinsa ba.

Baƙi sun zo daga ƙasashe sun yaba, Kwaddibuwa ma ta kafa nata babba a Buwake a 1971. Amma a ganina shirin ya rayu ne bisa kuɗin wasu da ƙwararrun wasu, akwatin da ƙurar hunturu ta shaƙe kuwa ba ya gyara kansa, kuma malaman da suka sha wahalar samun shahada ba su yi murna da ganin an ba yaro mai firamare aji ba. Kafin shekarun 1970 su ƙare, zamanin Seyni Kountché, kayan aikin sun koma na gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, darasi ya ba labarai wuri. Na Kwaddibuwa shi ma an rufe shi a farkon shekarun 1980.

Sai ga annobar korona a watan Maris na 2020, aka rufe makarantun Nijar har farkon Yuni, kowa ya tuna da karatun nesa. Abin mamaki, igiyar intanet da ta haɗa Yamai da bakin teku a Kwatano ta Doso da Gaya ta ratsa, kuma jami'ar da aka kafa a Doso a 2014 fannin sadarwa aka ɗora ta a kai. Amma wucewar igiya ta gefen gari ba ta sa ɗan manomi ya sami salula mai ɗaukar bidiyo, balle kuɗin cika ta. Inda karatu ya ɗan motsa a ƙauyuka, galibi ta rediyo ne, ko ta saƙon murya da malami ke aikawa a WhatsApp, wayar uba ɗaya yara biyar su kewaye ta da dare.

Shi dandalin, kafa shi aikin ƴan makonni ne ga wanda ya iya, tunda akwai manhajoji irin su Moodle da ake samu kyauta. Ɗawainiyar tana baya: a biya kuɗin ma'ajiyar da darussa ke zaune a cikinta kowace shekara, a cire sunayen waɗanda suka fita a shigar da sababbi, a sabunta darasi in manhajar gwamnati ta sauya, a buɗe wa yaron da ya mance kalmar sirrinsa, a rage nauyin darasi yadda ƙaramar waya za ta iya saukewa, a kuma sami wani na biyu da ya san makullin, don kada a yi wa mushe canjin wurin aiki ya tafi da makarantar cikin aljihunsa. Ga kuma wuta. Nijar ta daɗe tana sayen lantarki daga Nijeriya, ta layin da ya biyo Birnin Kabi, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka yanke shi wata da watanni, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, mutane suka koma ƙetare Kwara da kwalekwale. A irin waɗannan kwanaki, mai rumfar caji da ke bakin kasuwa, da faifan ranarsa guda da batirin mota, shi ke yanke hukuncin wanda zai ji darasin gobe.