Yadda na'urar shinshinar iska ke gano gubar da hanci ba ya ji

A cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, gidaje a manne suke da juna, ɗakuna da yawa kuma 'yar taga ɗaya ce da su. Idan hunturu ya kankama aka shiga da kaskon gawayi ɗaki, ko aka ɗauke wuta aka tada janareta a soro, iskar kabon monoksaid kan taru. Ba ta da wari ko launi, kuma jini na kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya.

Na'urar shinshinar iska ba sabuwa ba ce. Tun a 1968 Naoyoshi Taguchi na Japan ya fitar da ita kasuwa, da ƙwayar sinadarin kuza da oksijin. Idan aka zafafa ƙwayar, oksijin na manne mata ya riƙe wasu ƙwayoyin lantarkinta, sai gudun wuta ya ragu. Da gubar ta iso sai ta haɗu da oksijin ɗin, ƙwayoyin su kuɓuta, wuta ta ƙaru. Wannan canjin ake aunawa. Cikas ɗin shi ne sai zafi ya kai digiri 200 zuwa 400, abin da ke cinye batir.

Nan ne gaurayen ƙananan sinadarai ya shigo. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma idan aka niƙa abu ya kai wannan ƙanƙanta, kusan dukkan jikinsa na fuskantar iska. Masana kan yayyafa ƙwayoyin kuzar a kan girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin zarra ɗaya da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Manchester a 2004. Kuzar ta kama gubar, girafin ya isar da saƙo nan take. Wani lokaci a ƙara ɗigon faladiyam ko zinare don hanzarta aikin. A gwaje-gwaje da dama, gaurayen ya yi aiki ba tare da zafafawa ba.

Sai dai ɗakin gwaji ba soro ba ne. Laimar damina na gurɓata awon, ƙurar hunturu na toshe ƙofofin na'ura, kuma takan ɗauki tururin turare a matsayin guba. Yawancin irin waɗannan gauraye ba su fito kasuwa ba tukuna. Na'urorin da ake shigowa da su Najeriya kuwa, tantance ingancinsu nauyi ne da ke wuyan hukumar SON, kuma mai saye na da haƙƙin neman ganin shaidarta.