BABI NA UKU: TARIHIN RIGAKAFI DA MAGANIN MAƘARƘASHIYAR JARIRAI A ƘASAR HAUSA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin matsayin jariri a al'adar Bahaushe da hidimomin da ake yi masa tun daga ranar haihuwa har zuwa yaye. Wannan babi kuwa zai bi diddigin yadda Hausawa suka riƙa tunkarar ɗaya daga cikin matsalolin goyo, wato maƙarƙashiya ko taurin bayan gida ga jarirai. An kasa bayanin gida uku: kafin zuwan Turawa, da lokacin mulkin mallaka zuwa yaɗuwar madarar gwangwani, sannan zamanin komawa ga nonon uwa. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, a kowane zamani yawancin taurin cikin jariri yana biyo bayan abin da aka ba shi ne ban da nono, kuma sau da yawa abin da aka ɗura masa da sunan magani shi ke ƙara masa wahala.

3.1 Ma'anar Maƙarƙashiya ga Jariri

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da iyaye kan haɗa su. A wurin mai goyo, da zarar jariri ya kwana biyu bai yi kashi ba, ko aka ga yana nishi yana yunƙuri har fuskarsa ta yi ja, sai a ce cikinsa ya ɗaure. Likitocin yara kuwa ba yawan kwanaki kawai suke dubawa ba, yanayin kashin suke lura da shi. Jaririn da ke shan nono zalla, idan ya wuce mako 6 da haihuwa, yana iya yin kwanaki da dama, wani ma har mako guda, bai yi bayan gida ba, alhali lafiyarsa ƙalau, matuƙar yana kama nono, yana fitsari, kuma kashin ya fito da laushi. Maƙarƙashiya ta gaskiya ita ce kashi ya fito a bushe, guntu-guntu kamar na akuya, da zafi, wani lokaci har da ɗigon jini. Rashin fahimtar wannan bambanci ya sa an daɗe ana ba jarirai masu lafiya maganin cutar da ba su da ita.

3.2 Kafin Zuwan Turawa

A gargajiyance lafiyar jariri tana hannun ungozoma da kakanni da sauran tsofaffin gida, domin mai jego, musamman 'yar fari, ba ta da ta cewa a kan ɗanta saboda kunya da ƙuruciya. Bahaushe ya ɗauki ciki a matsayin tushen lafiyar jiki, yana ganin duk dattin da ya daɗe a cikinsa yana iya zama cuta. Wannan ya sa wankin ciki ya samu babban matsayi a magungunan Hausawa. Daga cikin abubuwan da aka sani suna sakin ciki akwai filasko da tsamiya da kanwa da man zurma. Malamai ma ba a bar su a baya ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, ciki har da wanda ya shafi basir da wanda ya shafi amfani da filasko wajen sassauta ciki. Sai dai waɗannan magunguna ne na manya, ƙarfinsu ya fi ƙarfin hanjin jariri.

Dangane da jarirai, tsofaffi sun bi hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta waje, wato gasa jiki da ruwan ɗumi lokacin wanka, da shafa mai a ciki ana murzawa a hankali, da lanƙwasa ƙafafu ana miƙewa. Haka kuma akan gyara abincin uwa, bisa imanin cewa abin da ta ci shi ɗanta ke sha. Wannan hanya ba ta cutar da jariri, kuma har yanzu ma'aikatan lafiya suna koyar da tausar ciki da motsa ƙafafu.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗura, kuma a nan ne matsala take. A wurare da yawa akan matse dakashi, wato nonon farko mai kauri, a zubar, saboda ana ganin gurɓatacce ne. A madadinsa sai a ba jariri ruwan ɗumi ko madarar akuya ko ta shanu ko zuma har nono ya "gyaru". Bayan haka akan ɗora shi a kan ɗauri ko bauri, wato ruwan saiwoyi da sassaƙe da ake dafawa domin ya yi ƙarfi. Binciken zamani ya nuna cewa dakashin da ake zubarwa shi ne ke taimaka wa jariri fitar da baƙin kashin farko, ban da kariyar da yake ba shi daga cututtuka. Madarar dabba kuwa tana yi wa cikinsa nauyi, sannan abubuwa masu bauri irin su bagaruwa ɗaure ciki suke yi. Ke nan an zubar da mai sakin ciki, an ba da mai ɗaure shi, sannan a dawo neman maganin sakinsa.

3.3 Mulkin Mallaka da Madarar Gwangwani

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an fara samun asibitocin mishan da na En'e da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi. Wasu ma'aikatan mulkin mallaka sun yi nazarin tsirran ƙasar, kamar Likita J. M. Dalziel wanda ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. To amma likitancin Turai na wancan lokaci shi ma ya ɗauka cewa kashin da ya daɗe a hanji guba yake zama, don haka wajibi ne mutum ya fita bayan gida kullum. Saboda haka magungunan wankin ciki suka zama cikin waɗanda aka fi bayarwa. Maimakon zuwan asibiti ya rage wa iyaye fargabar ƙidayar kwanaki, sai ya ƙarfafa ta. Daga baya kantuna suka cika da magungunan kwalba na ciwon cikin jarirai, irin su Gripe Water da aka fara haɗawa a Ingila a 1851, wanda kuma ba maganin maƙarƙashiya ba ne.

Babban sauyi ya zo ne da madarar gwangwani. Tun a 1867 Henri Nestlé ya fitar da abincin jarirai na gari a ƙasar Suwizalan, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a shekarun 1970 lokacin arzikin man fetur, ta yaɗu sosai a biranen Nijeriya. Fida ta zama alamar wayewa, ga kuma mata ma'aikata da ke barin goyo a gida. Kashin mai shan madarar gwangwani ya fi na mai shan nono tauri, idan kuma aka cika gari fiye da ma'auni sai abin ya ƙaru. Wasu iyaye kuma, saboda tsada, musamman bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986, sai su tsinka madarar da ruwa, wanda sau da yawa ba tafasasshe ba ne. Ta haka jariri ya shiga tsaka mai wuya, ko dai taurin ciki ko kuma gudawa da tamowa. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau, ta yi gargaɗi a kan haɗarin wannan madara tun a 1939 a wani jawabi da ta yi a Singafo, amma an ɗauki shekaru kafin a saurare ta.

3.4 Komawa ga Nonon Uwa

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idojin tallata abincin da ke maye gurbin nono. Nijeriya ta kafa doka a kan haka a 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda likitan yara ne, yake ministan lafiya. A 1991 hukumar tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu ƙarfafa shayarwa, sannan a 2001 aka tsayar da shawarar a ba jariri nono zalla har wata 6, ba tare da ko ruwa ba. Karɓuwar wannan shawara ta zo da tafiyar hawainiya, domin binciken lafiya na ƙasa ya nuna kashi 17 cikin 100 na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ne ke shan nono zalla a 2013, adadin ya kai kashi 29 a 2018. A ƙasar Hausa babban cikas shi ne imanin cewa hana jariri ruwa a cikin zafi rashin tausayi ne, alhali mafi yawan nono ruwa ne.

A wannan zamani ne kuma aka sake duba zuma. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma darajarta a al'ada da addini ba ɓoyayya ba ce. Amma a 1976 likitoci a Amurka suka gano wata cutar shanyewar jiki ta jarirai da ƙwayar botulinum ke haddasawa, aka kuma tabbatar ana iya samun ƙwayar a cikin zuma. Alamar cutar ta farko ita ce maƙarƙashiya. Saboda haka aka hana ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma. Haka nan an hana matsa sabulu a dubura da ba jariri maganin wankin ciki ba da izinin likita ba.

Lokacin da taurin ciki ya fi damun yara shi ne sa'ad da aka fara ba su abinci. Koko da kunun da aka tace tas ba su da dusar da ke tausasa kashi. Don haka daga wata 6 ake shawartar iyaye su ci gaba da shayarwa, su ba da tsabtataccen ruwa, su haɗa da gwanda da mangwaro da kabewa da wake da ganye irin su zogale da alayyafo, a dafa mai buƙatar dahuwa a murƙushe.

Akwai kuma maƙarƙashiyar da ba ta jin maganin gida. Likita Harald Hirschsprung na ƙasar Danmak ya bayyana a 1886 wata cuta da ake haihuwar jariri da ita, inda wani sashe na hanji ba ya iya tura kashi, kuma a 1948 aka samu nasarar yi mata tiyata. Jaririn da ya wuce awa 48 bai yi kashin farko ba, ko cikinsa ya kumbura, ko yana amai kore, ko ya ƙi nono, asibiti ya kamata a garzaya da shi. Tsayawa ɗura a irin wannan hali yana iya jawo asarar rai.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa gargajiya da zamani kowanne ya taimaka, kowanne kuma ya yi kuskure. Gargajiya ta bar gadon doguwar shayarwa da tausa da gashi, amma ta zubar da dakashi ta kawo ɗura. Zamani ya kawo tiyata da sanin alamomin haɗari, amma shi ya kawo fida da magungunan kwalba. Tun da har yanzu kakanni da ungozomomi ke da faɗa a ji a ɗakin jego, wayar da kan da aka taƙaita ga uwa kaɗai ba zai wadatar ba. Babi na gaba zai duba rawar da waɗannan tsofaffi ke takawa wajen yanke shawarar kai jariri asibiti.