Ƙarfin baka, daga Illo zuwa Missouri

Masu harbi na yau sun ɗauka cewa daidaita ƙarfin baka ya fara ne da bakan zamani mai wili a kowane kai, wanda Holless Wilbur Allen na jihar Missouri a Amurka ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1969. Tarihin sana'ar ƙera baka a ƙasar Bagudo bai yarda da haka ba. Illo, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bagudo a yau, tsohuwar ƙasar Borgu ce, kuma kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Borgu biyu, ta bar Nikki a ɓangaren da ya zama Jamhuriyar Benin, 'yan bakan yankin sun yi sunan da mahaya dawaki ke shakka. Abin lura shi ne, bakansu ba wani gagara-ja ba ne. Gajere ne, kibiyarsa ta kyauro ce marar nauyi, kisan kuma dafi ke yi, wanda ake dafawa da 'ya'yan kwankwani. Tunda ƙwarzane kaɗan ya wadatar, maƙerin baka bai da dalilin neman tauri. Abin da yake nema shi ne bakan da mai shi zai ɗana, ya ja, ya saki sau da yawa hannu bai yi rawa ba. In ya yi tauri, a kankare cikinsa da wuƙa kaɗan-kaɗan, ana gwadawa, sama da ƙasa daidai wa daida. In tsirkiyar fata ta saki da damina, a murɗa ta. Ko a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne a ƙafa suka karya dawakin Gobir.

Bakan Allen ya mai da wannan aiki cikin noti biyu, ɗaya a gindin kowane reshe. Ka ɗaure, ƙarfi ya ƙaru. Ka sassauta, ya ragu, kuma dole zagayen da ka yi a sama shi za ka yi a ƙasa, in ba haka ba kibiya ta riƙa baudewa. Kwance notin fiye da iyakar da kamfani ya faɗa haɗari ne, don reshen na iya ficewa. Ka'idar dai ita ce ta mai wuƙar nan, sai dai shi abin da ya kankare ba ya dawowa. Shi ya sa nake ganin babban kuskure ne sabon maharbi ya ɗaure noti har ƙarshe don kada a ce ya gaza. Wanda sai ya ɗaga baka sama, ya banƙare, kafin tsirkiya ta iso kumatunsa, bakan ya fi ƙarfinsa, kuma kafaɗa ce za ta biya.

Za a ce ai na da suna da dafi, na yau ba su da shi, saboda haka dole ƙarfi ya maye gurbinsa. Akwai gaskiya a nan game da farauta: kibiya tsura sai ta shiga sosai, kuma raunata dabba a bar ta ta gudu zalunci ne. Amma wilin ya riga ya ɗauki wannan nauyi, don yana tara ƙarfi tun farkon ja, sa'annan ya sauke wa hannu fiye da rabinsa a ƙarshe. Matsakaicin baka mai wili ya fi bakan itace mai irin taurinsa tura kibiya nesa ba kusa ba. Hukumar harbi ta duniya ma ta iyakance shi a fam 60, kusan kilo 27, a gasanninta, kuma a Los Angeles a 2028 zai fara shiga gasar Olamfik.