Tarihin Gashi da Tayar da Majinyaci Bayan Karayar Ƙugu

Karayar ƙugu ita ce wadda ke samun saman ƙashin cinya, a wuyansa ko ƙasa da wuyan kaɗan, dab da inda kan ƙashin ke shiga gurbinsa. Tsofaffi ta fi kamawa, musamman matan da suka daina al'ada, waɗanda ƙashinsu ya zaizaye har faɗuwa daga tsaye ta isa ta karya shi. Gashi da motsa jiki, wato aikin mayar da irin wannan majinyaci kan ƙafafunsa, bai samu gindin zama ba sai a ƙarni na 20. Abin da ya yi ta canzawa a tarihinsa shi ne tsawon kwanciya: da watanni ake yi, aka dawo makonni, yau kwana ɗaya.

Tun a ƙarni na 16 likitan fiɗa na Faransa Ambroise Paré ya bayyana wannan karaya, ya nuna yadda ake ɗaukar ta a matsayin gocewar ƙashi. Amma wanda ya fara fayyace ta sosai shi ne Astley Cooper na Landan, a littafinsa na 1822. Ya raba karayar gida biyu: wadda ke cikin jakar gaɓar da wadda ke wajenta. Ya lura cewa ta cikin ba ta cika haɗewa ba, domin karayar kan tsinke jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin. Daga nan ya ba da shawarar da ta riga zamaninta: tunda ƙashin ba zai haɗe ba, kada a kashe tsoho da kwanciya, ya huta kamar mako biyu, a zaunar da shi, sannan a ba shi sanduna ya fara takawa, ko da ƙafar za ta gajarce. Wasu likitocin lokacin sun soke shi, suna ganin ya sallama ne kawai.

Ra'ayin masu sukar ne ya rinjaya kusan shekara ɗari. A shekarun 1860 Gurdon Buck na Amurka ya yaɗa dabarar ɗaura wa ƙafa nauyi yana jan ta, majinyaci na kwance rigingine. A farkon ƙarni na 20, bayan Röntgen ya gano hoton ƙashi a 1895, Royal Whitman ya kawo filastar da ake naɗa wa mutum daga ƙirji har yatsun ƙafa, ya yi wajen wata uku a ciki. Wani lokaci ƙashin kan haɗe. Sai dai tsofaffi da yawa ba su kai ga ganin hakan ba, domin gyambon kwanciya, ciwon huhu, gudan jinin da ke tasowa daga ƙafa ya toshe huhu, da ruɗewar tunani sukan riga ƙashin. Wanda ya tsira kuwa yakan tashi tsokarsa ta zube, gwiwa ta sage. Har a 1935 likitan Amurka Kellogg Speed yana kiran ta karayar da ta gagari magani.

A wannan tsakanin ne sana'ar gashi take tasowa ta wata hanya dabam. Per Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Stockholm a 1813. A 1894 wasu ma'aikatan jinya huɗu a Birtaniya suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, wadda ta zama ƙungiyar masu gashi ta ƙasar. A Faransa, Just Lucas-Championnière ya dage a ƙarshen ƙarni na 19 cewa tausa da motsi da wuri suna taimakon karaya. Raunukan yaƙin duniya na ɗaya da annobar shan inna suka ƙara wa sana'ar daraja da yawan ma'aikata. Amma mai gashi ba shi da abin yi da ƙugun da ke kulle cikin filasta, sai dai ya koya wa majinyaci jan numfashi da motsa yatsu.

Ƙarfe ne ya buɗe ƙofar. A 1931 Marius Smith-Petersen na Boston ya wallafa sakamakon ƙusarsa mai fiffike uku, wadda ke riƙe wuyan ƙashin daga ciki. Shekara guda bayan haka Sven Johansson na Suwidin ya huda tsakiyar ƙusar, ta yadda za a zura ta bisa siririyar waya ba tare da buɗe gaɓar ba. A shekarun 1950 Austin Moore da Frederick Thompson suka yaɗa kan ƙashi na ƙarfe da ake sa wa a madadin wanda jini ya daina kai wa, aka kuma samu ƙusa mai zamewa cikin bututunta don karayar da ke wajen jaka. John Charnley ya daidaita aikin canza gaɓar gaba ɗaya a 1962. Da zarar ƙashi ya samu abin da ya riƙe shi, hujjar kwanciya ta faɗi.

Duk da haka al'ada ta fi ƙarfe wuyar lanƙwasawa. An daɗe ana yi wa mutum aiki sannan a hana shi taka ƙafar makonni, don tsoron kada ƙusar ta goce. Masu kula da tsofaffi ne suka yaƙi wannan. Marjory Warren ta fara tayar da tsofaffin da aka yanke wa ƙauna a wani asibiti a yammacin Landan daga 1935, Lionel Cosin ya riƙa tayar da masu karayar ƙugu jim kaɗan bayan tiyata, Richard Asher kuma ya wallafa maƙalarsa kan haɗarin kwanciya a 1947. Babban sauyin ya zo ne a garin Hastings na Ingila, inda tun ƙarshen shekarun 1950 likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka riƙa zagayen majinyata tare, da ma'aikatan jinya da masu gashi. Matsayinsu shi ne a yi aikin da zai ɗauki nauyin mutum nan take, domin tsohuwa mai shekara 85 ba za ta iya ɗingishi da ƙafa ɗaya ba. In an ce kada ta taka, an ce ta kwanta ke nan.

Mataki na gaba shi ne fitar da gashin daga asibiti. A birnin Lund na Suwidin an nuna, wajen 1980, cewa yawancin waɗanda suka zo daga gidajensu za su iya komawa kai tsaye su ci gaba da gashi a can. A Peterborough ta Ingila, tsarin jinya a gida da aka fara a 1978 ya karɓi masu karayar ƙugu, ma'aikata na bin su har ɗaki. Suwidin ta buɗe rajistar ƙasa ta wannan karaya a 1988, Ingila ta bi a 2007, abin da ya ba da damar gwada asibiti da asibiti. Ƙa'idar da hukumar lafiya ta Ingila, NICE, ta fitar a 2011 ta ce a yi tiyata ranar da aka kawo majinyaci ko washegari, mai gashi ya duba shi ya tashe shi kwana ɗaya bayan aikin, kuma a ci gaba da tayar da shi aƙalla sau ɗaya kullum.

A yau aikin kan fara da motsa idon sawu da matse tsokar cinya a kan gado, sai zama a bakin gado, tsayuwa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, sannan sanduna da hawa matakala. A gida ana ɗaga kujera da wurin bahaya, a kafa abin riƙewa a banɗaki, a kawar da duk abin da zai harɗe ƙafa. Binciken da Ellen Binder ta jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2004, ya nuna cewa wata shida na atisaye mai ƙaruwar nauyi yana ƙara ƙarfi da saurin tafiya ko ga tsofaffi masu rauni. Duk da wannan ci gaba, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar kan rasu cikin shekarar farko, kuma da yawa ba sa komawa yadda suke tafiya a da.

A Najeriya, wasu Turawan Birtaniya biyu ne suka fara aikin gashi a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas a 1945. An kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1959, shekarar da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin a 1966. A ƙasar Hausa har yanzu iyalai da dama wajen mai ɗori suke fara zuwa, saboda sabo da kuma tsadar tiyata. Sai dai karan ɗori ba ya iya riƙe ƙashin da ke binne cikin tsokar ƙugu, don haka abin da kan biyo baya shi ne doguwar kwanciya da illolinta. Ga wanda aka yi wa aiki kuma, gashin gida yana da nasa sharuɗɗan: katifar ƙasa da masan tsuguno ba su dace da sabon ƙugu ba, shi ya sa masu gashi kan nemi a samo gado mai tsayi da kujerar bahaya, majinyaci ya riƙa alwala da salla a kan kujera har likita ya ba shi izinin durƙusawa.