Awo Kafin Allura: Tarihin Sinadarin Mazakuta

Duk mai kai dabbobi kasuwar Sara ya san bambancin bunsuru da taure. Da zarar an yi fiɗiya, sai wari ya ragu, faɗa ya kwanta, jiki ya yi kitse. Fadojinmu ma sun san haka a jikin ɗan Adam, domin tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya ba babanni muƙamai. An daɗe da sanin cewa akwai wani abu a maraina da ke riƙe da mazakuta. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne gano ko mene ne, sannan a san nawa za a ba mutum, kuma sau nawa.

A 1849 wani masani a Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye zakaru, sannan ya dasa wa wasunsu maraina a cikin ciki. Waɗanda aka dasa wa suka ci gaba da cara da bin kaji. Tunda babu jijiyar da ta haɗa dashen da jiki, ya fahimci cewa ta jini saƙon ke tafiya. A 1889 likita Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya shaida wa masana a Faris cewa ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka, ƙarfinsa ya dawo. Daga baya aka gane cewa ruwan ba ya ɗauke da sinadarin a-zo-a-gani. Imaninsa ne ya yi aiki. Amma kafin nan kasuwa ta riga ta buɗe.

A 1935 Ernst Laqueur ya tace sinadarin a Amsterdam, aka raɗa masa suna testosteron. A shekarar kuma Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka harhaɗa shi a ɗakin gwaji, aka ba su kyautar Nobel a 1939. Nan ne matsalar awo ta fara. Idan aka haɗiye shi, hanta ce ke lalata mafi yawansa. Idan aka yi allurarsa zalla, ba ya jimawa a jini. Sai aka sarrafa shi cikin mai domin ya riƙa tsiyaya a hankali daga tsoka. Nau'in farko, propionate, sai an yi shi sau biyu ko uku a mako. A shekarun 1950 aka samu enanthate, mai kai mako biyu zuwa uku.

Sauƙin ya zo da nasa cikas. Wanda aka yi wa miligiram 200 duk mako biyu, sinadarin kan haura ƙima a kwanakin farko, sannan ya yi ƙasa kafin allura ta gaba, kuzari da sha'awa da yanayin zuciya su riƙa hawa da sauka tare da shi. Shi ya sa likitoci da dama suka koma raba adadin: miligiram 100 duk mako. Man shafawa na kullum, wanda Amurka ta amince da shi a 2000, da allurar undecanoate mai kai mako 10 zuwa 14, duk wannan gyaran suka zo yi. Daidaito ake nema, ba yawa ba.

Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwa ce ke umartar maraina. Idan ta ji sinadarin ya wadata daga waje, sai ta janye umarnin, maraina su daina samar da shi, su kuma daina samar da ƙwayoyin haihuwa. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwajin allurar enanthate ta mako-mako a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma a mafi yawan waɗanda aka gwada ƙwayoyin sun ɗauke ƙaf. Magidancin da ya sayi Sustanon a kemis don zai ƙara aure, ya kamata ya san wannan. Yawan sinadarin kuma yana sa jini kauri. Idan jajayen ƙwayoyi suka wuce kashi 54 cikin ɗari, ƙa'ida ita ce a dakata. Wani babban bincike a Amurka a 2023, kan maza sama da 5,000, bai ga ƙaruwar bugun zuciya ba, amma ya ga ƙarin rikicewar harbawarta da toshewar jijiyar huhu, kuma duk masu ƙarancin sinadarin ne da aka auna.

Saboda haka tsarin yau awo ne kafin allura: a ɗebi jini da safe, sau biyu a ranaku daban-daban, a sake aunawa bayan an fara, sannan likita ya ƙara, ko ya rage, ko ya sauya tazara. Mai fama da kasala a Gwaram ko Sara, hanyarsa ita ce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sau da yawa ciwon suga, ko hawan jini, ko ƙiba ne tushen raunin, kuma babu allurar testosteron da za ta maye gurbin maganinsu.