Kakar 2015–16 ta Gasar Zari-Ruga ta 'Yan Bakwai-Bakwai ta Duniya

Kakar 2015–16 ita ce karo na 17 da hukumar World Rugby ta shirya wa ƙasashe gasar ƙwallon zari-ruga ta 'yan bakwai-bakwai, ɓangaren maza. An buɗe ta a Dubai ranar 4 ga Disamba 2015, aka rufe a Landan ranar 22 ga Mayu 2016, bayan an yada zango a birane goma na nahiyoyi biyar. Fiji ce ta ɗauki kambun da maki 181, Afirka ta Kudu ta bi mata da 171, Niyu Zilan ta zo ta uku da 158. Ƙasashe shida daban-daban ne suka ɗaga kofi a zangon goman nan, biyu daga cikinsu kuwa, Kenya da Sikotilan, ba su taɓa ɗanɗana irin wannan nasara ba kafin wannan shekara.

Wasan 'yan bakwai-bakwai ƙanin zari-ruga ne na 'yan sha biyar-biyar, kuma a fili ɗaya ake buga su, mai tsawon kusan mita 100 da faɗin mita 70. Da yake mutum bakwai ne kacal a kowane ɓangare, fili yakan yi wa 'yan wasa yawa: wanda ya kuskure kamu guda, sai dai ya bi abokin karawarsa da ido. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya ya ci maki biyar, bugun ƙari da ke biyo baya kuma maki biyu ne. Kowane rabi minti bakwai ne, ban da wasan ƙarshe, wanda a wancan lokaci ake ba wa minti goma-goma. A lokacin ƙungiya takan buga wasa shida cikin kwana biyu ko uku, ta haɗa kayanta, ta hau jirgi zuwa wata nahiya.

Asalin wasan daga Melrose ne, wani ƙaramin gari a kudancin Sikotilan, inda a 1883 wani mahauci mai suna Ned Haig ya kawo shawarar a rage yawan 'yan wasa da tsawon lokaci don a buga gasa sukutum a wuni guda, kulob ɗin garin ya sami kuɗin ƙofa. Gasar Hong Kong da aka fara a 1976 ce ta fito da shi idon duniya, a 1999 kuma aka ɗinke gasannin birane zuwa kaka guda mai tebur ɗaya. Daga nan Niyu Zilan, ƙarƙashin koci Gordon Tietjens, ta yi kaka-gida: cikin kakanni 15 na farko ta lashe 12. Sau ɗai-ɗai kawai Fiji da Afirka ta Kudu da Samoa suka taɓa ƙwace mata kambu, kafin Fiji ta sake yin haka a 2014–15.

Abin da ya bambanta wannan kaka da na baya shi ne gasar Olamfik. A watan Oktoba 2009, a Copenhagen, kwamitin Olamfik na duniya ya amince a saka wasan 'yan bakwai-bakwai a gasar Rio ta 2016. Rabon zari-ruga da Olamfik tun 1924. Don haka kowace ƙasa ta shigo kakar ne ido ɗaya a kan tebur, ɗaya a kan Rio a watan Agusta. Hukumar ma ta sake fasalin zangon: daga tara suka koma goma, Cape Town ta karɓi gurbin Port Elizabeth, Sydney ta karɓi na Gold Coast, Vancouver ta shigo sabuwa fil, Singafo da Faris suka dawo bayan shekaru, aka ajiye Tokyo da Glasgow. Ƙungiyoyi 15 ne na dindindin, ciki har da Rasha da ta hauro a shekarar, sai a gayyato ta 16 a kowane zango. A wannan kakar zakaran zango yana samun maki 22, na biyu 19, na uku 17, na huɗu 15.

Ƙamshin lambar zinare ya kuma janyo taurarin 'yan sha biyar-biyar. Sonny Bill Williams, wanda bai daɗe da ɗaga kofin duniya na 2015 da Niyu Zilan ba, ya fara bugawa a Wellington. Bryan Habana ya sa rigar Afirka ta Kudu a Las Vegas, Quade Cooper ya gwada sa'arsa da Ostireliya. Jaridu sun yi ta yayata su, amma da lokacin zaɓen masu zuwa Rio ya yi, babu sunan Habana, babu na Cooper. Gudun da wasan ke nema, da tashi daga ƙasa a sake kamu cikin daƙiƙu kaɗan, ba abin da ake koya a makonni ba ne, ko da mutum ya yi suna a wani fagen.

Fiji ta fara da ƙafar dama a Dubai, ta doke Ingila 28–17 a wasan ƙarshe. A can ne kuma aka ga alamar cewa manya ba za su sha da daɗi ba, domin Amurka, mai 'yan tsere irin su Perry Baker da Carlin Isles, ta kayar da Niyu Zilan har sau biyu a zango ɗaya. Mako guda bayan haka Afirka ta Kudu ta koci Neil Powell ta ci kofi a gida, ta lallasa Ajantina 29–14 a Cape Town.

Sai Niyu Zilan ta farfaɗo. Ta ci Wellington da 24–21 a kan Afirka ta Kudu, ta ci Sydney da 27–24 a kan masu masaukin baƙi, duka biyun a dab da tashi. A Sydney ɗin ne aka yi wani abin kunya a wasan rukuni: hotuna sun nuna Niyu Zilan da mutum takwas a fili lokacin da take neman farke wa Ostireliya, aka tashi 17–17, kuma sakamakon ya tsaya a haka. A wasan da sunansa kansa ya faɗi adadin 'yan wasa, da wuya a sami uzurin da zai gamsar.

Ranar 20 ga Fabrairu 2016 mahaukaciyar guguwar Winston ta afka wa Fiji. Mutum 44 suka rasu, ƙauyuka da dama suka rushe, har da na dangin wasu 'yan wasan ƙasar. Mako biyu kacal bayan haka tawagar ta sauka a Las Vegas. A wasan ƙarshe Ostireliya ta yi gaba da 15–0, sai Fiji ta juyo ta zuba maki 21 ba tare da an rama ko ɗaya ba. A ƙasar da yawan jama'arta bai kai miliyan ɗaya ba, inda yara kan yi zari-ruga a bakin teku da kwalbar roba ko kwakwa in babu ƙwallo, wannan kofi ya fi maki 22 daraja.

Kocin Fiji, Ben Ryan, Bature ne ɗan Ingila da ya horar da tawagar ƙasarsa daga 2007 zuwa 2013. Ya iso Fiji ya tarar da hukumar wasan ƙasar cikin talauci, har ya yi watanni yana aiki ba albashi. Bai nemi sauya wa 'yan Fiji salonsu ba, wato miƙa ƙwallo da hannu ɗaya ana tsakiyar kama mutum, da kai hari daga ko'ina a fili. Abin da ya ƙara shi ne kula da abinci, da tsare lokaci, da ƙarfin jiki, har da hawan tuddan yashi na Sigatoka a atisaye. Kyaftin Osea Kolinisau ne ya riƙe masa ragamar 'yan wasa. Amfanin hakan ya fito fili a tebur: a zango tara cikin goma Fiji ta kai aƙalla wasan kusa da na ƙarshe. Niyu Zilan ma kofi uku ta ci, daidai da Fiji, na ukun a Vancouver a kan Afirka ta Kudu, amma a sauran zangon ta riƙa zubar da maki. Afirka ta Kudu kuwa sau huɗu ta kai wasan ƙarshe, sau ɗaya ta ci.

A Hong Kong, zangon da 'yan Fiji suka fi ɗauka da girma, sun doke Niyu Zilan 21–7. Mako guda bayan haka, ranar 17 ga Afrilu, aka yi abin da ba a zata ba a Singafo.

Kenya, wadda ake yi wa laƙabi da Shujaa, ta daɗe tana kai wa bakin kofi tana dawowa: ta sha kashi a wasan ƙarshe a Adelaide a 2009, ta sake sha a Wellington a 2013. A Singafo ma da ƙyar ta fita daga rukuni. Rana ta biyu sai ta zama wata ƙungiya daban. Ta fitar da Faransa, sannan a wasan kusa da na ƙarshe, ana 12–12 da Ajantina lokaci ya ƙure, Collins Injera ya buga bugun tara daga nesa ya shiga, aka tashi 15–12. A wasan ƙarshe 'yan koci Benjamin Ayimba sun gano maganin Fiji: ka hana ta taɓa ƙwallo. Duk sanda suka ci suka buga ƙwallon sake farawa, sai su yi tsalle su ƙwato abinsu a sama, kuma idan ɗan Fiji ya riƙe ƙwallo sai su danne shi kafin ya sami sararin miƙawa. Kafin hutun rabin lokaci an kai 20–0. Sau shida Kenya ta dire ƙwallo, Injera sau biyu, kuma ko bugun ƙari ɗaya bai shiga ba, amma ba a buƙace shi ba: aka tashi 30–7. Kyaftin Andrew Amonde ya ɗaga kofin, Kenya ta zama ƙasar Afirka ta biyu da ta taɓa lashe zango a gasar, bayan Afirka ta Kudu.

Faris ma ta zame wa Fiji wurin baƙin ciki. A wasan ƙarshe tana gaba da 26–7 a hutun rabin lokaci, Samoa ta koci Damian McGrath ta farke duka ta ci 29–26. Duk da haka Fiji ta isa Landan da ratar maki 14, abin da ya rage mata kawai ta tsallake rukuni, kuma ta tsallake tun ranar farko, kambu ya zama nata karo na biyu a jere, na uku a tarihi.

Sauran labarin filin Twickenham da ke Landan na wasu ne. Injera ya dire ƙwallonsa na 231 a gasar, a wasa da Faransa, ya karya tarihin Santiago Gómez Cora na Ajantina mai 230, kuma wansa Humphrey Kayange ne ya miƙa masa ƙwallon. A wannan fili dai, shekara guda kafin nan, da ya cika 200 ya zaro alƙalami daga safarsa ya sa hannu a kan gilashin kyamarar talabijin, bai san tawadar ba ta gogewa ba, ya lalata gilashi mai tsadar gaske. Sikotilan kuma, ƙasar da ta haifi wasan amma ba ta taɓa cin zango ba, ta biyo Afirka ta Kudu daga baya a wasan ƙarshe, Dougie Fife ya dire ƙwallo biyu a ƙarshen wasa, aka tashi 27–26.

Seabelo Senatla na Afirka ta Kudu ne ya fi kowa dire ƙwallo a kakar, sau 66, Madison Hughes na Amurka kuma ya fi kowa maki, 331. Kenya ta ƙare a matsayi na bakwai, gaba da Ingila. Fotugal ta zo ƙarshe cikin ƙungiyoyin dindindin ta faɗi, Japan da ta ci gasar neman gurbi a Hong Kong ta maye wurinta. A ɓangaren mata, inda aka buga zango biyar, Ostireliya ce ta lashe, ta kuma haɗa da zinaren Rio bayan doke Niyu Zilan 24–17.

A gasar maza ta Rio, tun wasan farko Japan ta kayar da Niyu Zilan 14–12, a wasan da Sonny Bill Williams ya tsinke jijiyar agara ya fice daga gasar. Kenya, da aka sa wa rai saboda Singafo, ta sha kashi a duk wasanninta na rukuni ta ƙare ta 11. Afirka ta Kudu ta sami tagulla. Ranar 11 ga Agusta, a filin Deodoro, Fiji ta ragargaji Birtaniya 43–7, tun rabin farko tana da 29–0. Wannan ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, kowace iri. 'Yan wasan sun durƙusa a gaban Gimbiya Anne ta Birtaniya wajen karɓar lambobinsu, suna tafi sau uku bisa al'adarsu ta girmamawa. Gwamnati ta ba da hutun kwana guda, aka ba wa Ryan fili da sarautar gargajiya, a 2017 kuma babban bankin ƙasar ya buga takardar kuɗi ta dala bakwai mai ɗauke da hoton tawagar.

Ryan ya ajiye aikin bayan Rio, Tietjens ma ya bar Niyu Zilan bayan fiye da shekara 20 a kan kujera. Daga kakar 2016–17 aka rage wasan ƙarshe zuwa minti bakwai-bakwai don rage wa 'yan wasa gajiya da rauni, kuma Afirka ta Kudu ce ta lashe wannan kakar da wadda ta biyo bayanta.