Tashe da Dusashewar Wasannin Kwaikwayo na Talabijin

An buɗe gidan talabijin na farko a Arewa cikin 1962, a Kaduna. Jihar Kano ta kafa nata, watau CTV, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya hau mulki a 1979. A shekarun nan, a garuruwa irin su Wudil, maƙwabta kan taru gaban akwati guda don kallon Samanja ko Kuliya, gari ya waye ana maimaita kalamansu a kasuwa. Fitowar fim ɗin Turmin Danya cikin 1990 ta buɗe ƙofar finafinan bidiyo. Kowa ya sayi kaset, ya kalli abin da ransa ke so. Sannu a hankali kasuwar tsofaffin wasannin ta watse, tare da zaman da ke haɗa yaro da dattijo kan labari ɗaya.